Matar da Ke Shiga ta Ƙofar Baya

A ofishin mujallar gine-gine da ke saman wani shagon fenti, ba mai kiranta da sunanta. A gabanta Anti ce, in ta juya kuwa Anti Ƙofar Baya. Ta san da sunan, ta kuma san wanda ya raɗa mata shi, amma ba ta taɓa nunawa ba. Ta dai ajiye abin a ranta, inda take ajiye sauran.

Ita ce editar mujallar. Marubuta su je su ga gini su rubuto yadda yake, mai hoto ya ɗauko hotuna, ita kuma ta zare jan biro daga gefen ɗankwalinta ta hau tsefe rubutun layi-layi. Kafin ta karanta ko kalma ɗaya, tambayarta guda ce: "Ta ina ka shiga?" In ka ce ta gaba, to ka shirya komawa, ko da ginin a ƙarshen gari yake.

A wajenta gaban gini na baƙi ne da masu hoto, bayansa ne na masu zama a ciki. Ta san halin masu zanen gine-gine sarai. Za su tarbe ka da murmushi, su zagaya da kai inda suke so, su tsayar da kai daidai inda haske ke faɗowa, su yi ta zuba har ka manta ba ka ga kicin ba. Mai hoto kuma ya zo da sassafe kafin jama'a, ya ture bokitai, ya kwance igiyar shanya, ya aro tukunyar fulawa daga maƙwabta ya dasa a bakin ƙofa. Shi ya sa ita ba ta sanar da zuwanta. Sai rana ta take, ko an gama ruwa, za ka gan ta ta ɓullo ta lungun da ake zubar da shara, ta nemi banɗaki, ta ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa tana kasa kunne, ta ɗaga kai tana neman tabon yoyo a silin.

Halin ya bi ta har gida. Ko gaisuwa ta je, bakinta na "ya aka ji da haƙuri" idonta na kan kusurwar ɗaki. Maigidanta yakan ce wa baƙi, "Ni ma fa sai da ta zagaya ta bayan gidanmu kafin ta amsa za ta aure ni." Kowa ya yi dariya ban da ita, domin gaskiya ya faɗa.

Ba a haife ta da wannan hali ba. Tana yarinya mahaifinsu ya kama hayar wani gida da aka sha masa sabon fenti ta gaba. Mai gidan ya nuna masa falo da ɗakin kwana, ya riƙe masa hannu suna ta raha, ba a leƙa baya ba. Ashe bangon kicin ya daɗe da darewa. Wata rana da la'asar ana tsuga ruwa, bangon ya zube. Ita ta suri ƙaninta Auta, wanda ke rarrafe a lokacin, ta yi waje da shi. Mahaifiyarsu Inna ce ba ta tsira duka ba, bulo ya danne mata ƙafa. Har ta koma ga Allah jan ƙafar take yi, kuma duk matakalar da ta ɗan yi tsawo sai an riƙe ta. Daga ranar Anti ta daina yarda da fenti, daga baya ta daina yarda da masu shafa shi, a hankali har da masu murmushi.

Da iyayen suka rasu, ita ta riƙe Auta. Ita ta tsaya masa a karatu, ita ke bincike jakarsa, ita ke shinshina rigarsa in ya dawo daga yawo. Sai ga shi, cikin dukan sana'o'in duniya, ya tashi ya zama mai zanen gine-gine. Ranar da ya kawo mata zanensa na farko a naɗe, yana ta rawar jiki, ko warwarewa ba ta yi ba.

"Mujalla ba gadon gidanmu ba ce," ta ce masa.

"Yaya, ni ban ce ki buga ba. Dubawa kawai."

"Daga dubawa ake farawa."

Da aka gama gininsa na farko, wani ɗakin karatu a can gefen gari, ya zo da kansa ya roƙe ta ta je. Ta ce in aka gan ta a wurin za a ce ta fara tallar ƙaninta. Haka ta ce a na biyu, haka a na uku. Ko a ofis ba wanda ya san tana da ƙane a wannan harka. Mutane za su ce tsare mutuncin aiki ne, kuma akwai wannan. Amma gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa ba ita ce tsoro take ji. Idonta ba ya shiga gini ya fito bai ga aibu ba, bakinta kuma ba ya gani ya yi shiru. Ta gwammace kada ta gani.

Auta ya rage zuwa. Da can duk ƙarshen mako yana gidanta, ya miƙe a kan doguwar kujera yana tsokanar maigidanta. Daga baya sai gaisuwa, a yi maganar yara da lafiyar jiki, ya tashi tun shayinsa bai huce ba. Abin na cinta ƙwarai, amma ta fassara shi irin tata fassarar: yana fushi ne don ba ta sa shi a mujalla ba, kuma wata rana zai nemo hanyar shiga ta bayan fage. Tana nan tana jiran ranar.

Sai ga Dogo da rubutunsa. Dogo tsohon malamin makaranta ne da ya koma rubutu, jimlolinsa irin tsawonsa, kuma ya fi kowa shan jan biro a ofishin. Rannan ya ajiye mata shafuka a kan wani ƙaramin asibitin unguwa. Ta yi tambayar da ta saba, ya ce ta baya ya shiga. Ta fara karantawa, biro a hannu, har ta kai tsakiya ba ta ja layi ko ɗaya ba. Nan hankalinta ya fara tashi. Dogo ya rubuta cewa ƙofar bayan asibitin ta fi ta gaba faɗi, akwai benci a inuwa, akwai famfo, banɗakin kuma iska na ratsa shi. Kai, kamar wanda ya shiga kanta ya kwafo abin da take son ji. A ƙasan shafin ƙarshe ta ga sunan ofishin da ya yi zanen. Na Auta ne.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Malam Dogo, rufo mana ƙofar nan. Wa ya tura ka asibitin?"

"Ba kowa, Anti. Ƙanwata ce ta haihu a can, na je dubiya."

"Dubiya ta ƙofar baya?"

"To ai ke kika lalata mu. Yanzu ko gidan surukaina na je sai in ji ƙafata na ja na lungu."

Ba ta yi dariya ba. "Mai zanen ya zagaya da kai?"

"Ban taɓa ganinsa ba wallahi. A allon da ke jikin bango na kwafo sunan."

"Bai kira ka ba, bai aiko kowa ba, ba ku haɗu a wani taro ya ce ka gaishe ni ba?"

Dogo ya dube ta da mamaki. "Ya gaishe ki? Kin san shi ne?"

Wannan mamakin ma ba ta yarda da shi ba, ya yi kyau da yawa. Ta jefa shafukan a aljihun tebur ta murɗa makulli. Dogo ya fita ransa a ɓace, ya ce shi dai a tsufansa ba a taɓa ce masa ɗan amshin shata ba sai yau. Mai mujallar ya leƙo ya tuna mata ana jiransu a wurin bugawa kafin ƙarshen mako, kuma rubutun Dogo ne zai cike tsakiyar fitowar. Ta ce ta ji.

A gida ta kasa cin abinci. Ta riga ta gama shari'ar a ranta: Auta ya san dukan dabarunta, a hannunta ya girma. Ya gyara bayan gini guda, ya samu Dogo ya karanta masa abin da zai rubuta. In haka ne, ƙanin da ta goya ya mayar da ita abar wasa, kuma daga ranar ba ta ga da bakin da za su sake gaisawa ba. Maigidanta ya dube ta ya ce, "Ke da kike tura mutane ƙarshen gari, ki je mana ki gani." Ta harare shi, amma washegari da aka ɗauke ruwa wajen azahar ta saka takalmin roba ta fita.

Ta bi ta lungun da ke bayan asibitin, tana tsallake ruwa. Ta zaci za ta ga sabon siminti da ɗanyen fenti. Abin da ta tarar daɓe ne da ƙafafu suka riga suka goge. Bencin na nan a inuwa, wasu mata biyu na zaune a kai da kwanukan abinci, katakon ya yi sulɓi saboda zama. Ta murɗa famfon, ya kawo. Ta shiga banɗakin ta tsaya tana jan numfashi kamar mai neman rigima, ba ta samu ba. Ta ƙwanƙwasa bango a wuri uku, ya amsa da nauyi.

Sai matakalar. Ta hau ta farko ta ji ƙafarta ta isa da wuri. Gajeru ne, masu faɗi, ga ƙarfen riƙewa a gefen hagu, ƙasa-ƙasa, daidai hannun gajeruwar mace. Ƙafar hagu Inna ke ja. Anti ta tsaya riƙe da ƙarfen na ɗan lokaci, sannan ta ce wa kanta ai kowane mai zane ya san a yi wa marasa lafiya gajeruwar matakala.

Da ta ɗaga kai ta samu abin da ta zo nema. Indararon rufin bai kai inda ya kamata ba, ragowar ruwan na ɗiga a gefen matakala ta biyu, har wurin ya fara kore. Nan gaba kaɗan zai yi santsi. Ta ji wani sanyi a ranta, irin na wanda ya tabbatar idonsa bai mutu ba, ta kai hannu ɗankwali ta zaro biro.

Wata mata mai shara da ke matse tsumma a bokiti ta miƙe tana kallonta. Ta kalli biron, ta kalli takalmin roba, ta saki tsumman.

"Ke ce! Wallahi ke ce! Sannu da zuwa, Hajiya."

"Kin san ni ne?"

"Yo ba ke ce yayar mai zanen nan ba? Ya ce mana wata rana wata mata za ta shigo ta baya, da jan biro a ɗankwali, ta nemi banɗaki tana ƙwanƙwasa bango. Ya ce kada a hana ki, kada kuma a raka ki, ba kya son rakiya."

Anti ta ji jini ya hau mata kai. Ga shi nan, an shirya mata tarko har da mai tarba. "Yaushe ya faɗa miki? Jiya ko shekaranjiya?"

"Wane jiya? Tun ana shafen ginin nan, ina kawo wa leburori ruwa. Mun ɗauka ma wasa yake."

"Kuma tun lokacin kike riƙe da maganar?"

"Hajiya, mutum nawa ke yawo da biro a ka?"

Ta fito ba ta yarda ba. Mai shara ɗaya ce, ana iya karanta mata magana a waya cikin minti kaɗan. Amma akwai inda ba wanda zai yi tunanin za ta je. Ta tari mota ta nufi gefen gari, wajen ɗakin karatun nan na farko, wanda ta ƙi zuwa tun Auta bai fara furfura ba.

Ginin ya tsufa, fentin ya koɗe, bishiyoyin da aka dasa sun wuce rufi. Ta zagaya ta baya. Ƙofa mai faɗi, benci, gajerun matakala, ƙarfe a hagu. Wani tsohon maigadi na zaune a kan kujerar roba yana gyara rediyonsa. Ta yi masa sallama ta ce tana neman banɗaki. Ya nuna mata da haɓa, har ta wuce, sai ta ji rediyon ya yi shiru.

"Baiwar Allah, ɗan dawo." Ya ƙura wa ɗankwalinta ido. "Ikon Allah. Ashe dai akwai ki."



"Ni na ɗauka yaron nan ƙirƙirar ki ya yi. Tun ranar da aka buɗe wurin nan ya ba ni saƙonki. Duk bayan damina sai ya zo duba rufi, in ya sauko ya ce, Baba, ta zo? In ce ba ta zo ba. Ya ce to, aiki ne ya yi mata yawa. Har na gaji da ba shi amsa ɗaya."

"Bana ma ya tambaya?"

"A'a. Ai ya daɗe da dainawa. Yana zuwa dai, ya hau ya sauko, mu gaisa ya tafi. Bara ni na tsokano shi, na ce har yanzu fa mutuniyarka shiru. Ya ce, Baba, bar maganar nan." Tsohon ya jawo wata kujera. "Ki zauna mana, kin yi wani iri."

Ta zauna. Ta nemi inda za ta kama maganar ta ce ƙarya ce, ta juya ta ta kowane gefe kamar yadda take yi wa rubutun mutane, ba ta samu ba. Duk shekarun da ta yi tana gadin ƙofar mujalla kada Auta ya shigo ta baya, shi yana can yana faɗaɗa ƙofofin baya yana jiran ta. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, har ta rasa wanda ya fi nauyi. Ta tashi ba ta ko ƙwanƙwasa bangon ba.

A ofis ta buɗe aljihun tebur ta miƙa wa Dogo shafukansa. Ta ce mai zanen ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba ita za ta gyara rubutun ba, ya kai wa mataimakinta. 

"Ka kuma koma ka dubi indararon baya," ta ce. "Yana zuba a matakala ta biyu. Tsawonka ya kai, ban san me ya hana ka gani ba." Ta hau gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba. "Abin da na ce maka jiya, ban kyauta ba."

Dogo ya ce ba komai, ya fita da sauri, don ya ba sauran ma'aikata labari tun da zafinsa.

Da la'asar ta isa gidan Auta. Akwai ƙaramar ƙofa ta gefe da ke shiga kicin, ƙafarta har ta nufi can, ta dawo da ita. Ta tsaya a ƙofar gaba ta yi sallama. Matarsa ta buɗe, ta ce "Yaya!" da ƙarfin da ya nuna ta tsorata, don Anti ba ta zuwa haka kawai sai in wani abu ya faru.

Auta ya fito da fensir a bayan kunne. Ta lura gashin gefen kansa ya yi fari fiye da yadda take zato.

"Yaya, lafiya dai?"

"Lafiya." Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya. Ta shirya maganganu da yawa a mota, duk suka gudu, ya rage wadda ta iya. "Indararon bayan asibitin nan naka gajere ne. Yana zuba a matakala ta biyu. In ba ka ƙara shi ba wata tsohuwa za ta zame."

Ya tsaya yana kallonta. Matarsa da ta shigo da ruwa a tire ta tsaya ita ma.

"Wa ya faɗa miki?"

"Wa zai faɗa min? Ina da ido."

"Ta baya kika shiga?"

"To ta ina zan shiga?"

Auta ya zauna a hankali a hannun kujera. Ya cire fensirin daga kunnensa yana juya shi. Da ya yi magana, muryar ƙasa-ƙasa ta fito, irin ta yaron da ya kawo zane a naɗe.

"Sauran fa, Yaya?"

Ta kalli silin ɗinsa, don ta saba, don kuma kada ya ga idonta.

"Da Inna ce ta hau matakalar nan, da ba sai an riƙe ta ba," ta ce.